Nomau da Malaman Cikin Waya

A ƙauyen Tudun Kalgo akwai wani gida mai mutum uku. Akwai Inna Yalwa, tsohuwa mai tsare gida, wadda ba a tsallake maganarta. Akwai autanta Nomau, da matarsa Tasalla, wadda a lokacin cikinta ya tsufa. Nomau ba malalaci ba ne, ba ya ƙarya, salla ba ta wuce shi. Abu ɗaya ne da shi: yadda aka faɗa masa magana haka zai yi ta, ba ƙari ba ragi. An taɓa ce masa ya bi awaki, ya bi su har cikin gonar mutane, suna ci yana biye. Ana yi masa dariya, amma da yaran yanzu suna jin magana rabin yadda yake ji, da iyaye sun huta.

A kakar nan ruwa ya yi wa ƙauyen wuya. Suna da rijiyar burtsatse da tankinta a sama, da wasu faffaɗan gilasai baƙaƙe a kan ƙafafun ƙarfe. Waɗanda suka kafa ta sun daɗe da tafiya, ba su bar wa kowa bayani ba. Mata suka ga gilasan nan akuya ba ta kai musu, kaza ba ta hawa, ga zafi kamar tanda, sai suka jingina tsani suka mai da su wurin shanya. Inna Yalwa ce ma ta fara. A shekarar kuɓewa da barkono sun yi albarka, kowace ta shimfiɗa buhunta a can. Famfo kuwa ya koma ɗiga, daga baya ya ɗauke gaba ɗaya. Kowa ya ce rijiya ta ƙafe. Ruwa sai a rafi, a fita da hantsi a dawo da azahar.

Sai Baba Jatau, mahaifin Tasalla, ya aiko da saƙo. Ya ce mai jego wanka take yi safe da yamma, tukunya bayan tukunya. Idan watan haihuwa ya kama babu ruwa zai zo ya ɗauke 'yarsa, kuma ba zai mai da ita garin ƙishirwa ba. Ran nan Nomau ko tuwo bai iya ci ba.

Wata rana ya tafi kasuwar gari ya kai cajin wata waya mai tsagaggen gilashi da yayansa ya bar masa. Ya tarar da Sallau mai turi, wanda ke zuba wa mutane fina-finai a waya, ya ƙura wa tasa ido. A ciki wani mutum ne ya buɗe cikin inji yana nuna komai da ɗan yatsa.

"Wannan wane fim ne, ba faɗa ba rawa?" in ji Nomau.

"Ba fim ba ne, shirin fasaha ne. Suna nan birjik a intanet. Yadda ake gyara waya, yadda ake haɗa inji, har na ruwa. Kowa ya so ya sauke, kyauta."

"Kyauta? Wa ya roƙe su?"

"Ba kowa."

Abin ya ba Nomau mamaki. A garinsu maƙeri ɗansa kaɗai yake koya wa ƙira, mai ɗori kuwa yakan juya baya in zai haɗa magani. Ga wasu bayin Allah a bayan teku sun baje sirrin sana'arsu ga wanda ba su taɓa gani ba. Ya tuna Inna ta ce duk wanda ya yi maka kyauta ka durƙusa ka gode. Nan tsakiyar kasuwa ya tuɓe takalmi ya durƙusa a gaban wayar, ya gaida mutumin, ya tambayi iyali da gajiya. Mutumin bai amsa ba, ya ci gaba da kwance injinsa.

"Aiki ya yi masa yawa," in ji Nomau.

Sallau ya share hawayen dariya, ya sa masa shirye-shirye a layi suna sauka, ya kai shi kan wani tudu a bayan rumfa. "Nan sabis ya fi ƙarfi. Ɗaga ta sama, kada ka motsa sai sun gama." Nomau bai motsa ba. Ƙuda ya sauka a hancinsa ya gaji ya tashi. Motar ƙauyensu ta cika, direba ya yi ta kiran sunansa, yana gani ta tafi. A ƙasa ya koma gida, hannu ya sage, zuciya fara ƙal.

Wata rana ya kunna wa Inna shirin farko. Ta kalla da ido ɗaya, don ba ta yarda da abin da ke cikin waya ba. Amma da ta ga mutumin bai yi wasa ba, bai kalli mace ba, aikinsa kawai yake yi, sai ta gyara zama.

"Wannan malami ne," ta ce. "Auta, ka natsu. Abin da ka ga ya yi, shi za ka yi. Ko Allah zai sa ka gano na ruwa."

Malamin ya shimfiɗa farin ƙyalle ya kwance rediyo. Nomau ya ɗauko farin mayafin Inna na zuwa Idi, ya ɗauko rediyonta da take jin wa'azi, ya warware ta da bakin wuƙa, ya jera komai tsaf. Ashe shirin kashi biyu ne, na mayarwa bai sauka ba. Malamin ya ɗaga hannu ya yi sallama, hoto ya ɗauke. Nomau ma ya ɗaga wa rediyon hannu ya tashi. Inna ta dawo daga unguwa ta tsaya a kan mayafinta.

"Wa zai mayar?"

"Shi ma bai mayar ba, Inna."

Ta ce masa, "Daga yau ka kalla har ƙarshe kafin ka taɓa komai."

Wata rana aka aike shi rafi da jaki da jarkoki. A gindin tsamiyar bakin gari ya kunna wani shiri, ya kuwa yi dogo. Tunda an ce kada ya taɓa komai sai an kai ƙarshe, sai ya saki igiyar jakin. A cikin wayar wasu hannuwan ƙarfe ne, babu jiki babu kai, suna ɗaukar ƙofar mota suna liƙawa, wuta na tartsatsi, ba mutum ko ɗaya a ɗakin. Daga nan aka nuna wani ɗan jirgi da bai fi shirwa ba, babu matuƙi, yana shawagi a kan gona yana fesa mata magani. Masu wucewa suka tsaya, manoma suka ajiye fartanya, har liman ya leƙo ta kan kafaɗu. Ba ka jin komai sai salati. Inna ta iso da sandarta don ta ji abin da ya hana ruwa zuwa. Ta buɗe baki za ta yi faɗa, idonta ya faɗa kan hannuwan ƙarfen. Bakin bai rufu ba sai da shirin ya ƙare.

"Ikon Allah," ta ce a hankali. "Wanda ya ba ɗan Adam wannan basira, Shi ne abin tsoro."

Sannan ta waiwaya ta ga ba jaki. A gonar dawar mai unguwa aka same shi, jarkoki a wuya, ba ɗigon ruwa. Ran nan, da ɗan guntun da ya rage a randa aka yi alwala.

"Kallo kawai ba zai riƙe maka mata ba," in ji Inna. "Ka riƙa gwadawa. Amma a kan abin da ya riga ya mutu."

Wata rana ya ga wani malamin ya tsamo waya daga ruwa, ta mutu murus, ya tura ta cikin shinkafa, ya rufe. Da aka buɗe sai ga ta ta kawo haske. Nomau ya miƙe nan take. A ɗakin Inna akwai buhun shinkafar da aka ɓoye domin ranar suna. Ya kwashe kayan cikin rediyon ya binne a ciki. Labari ya bazu, kuma a garin nan ba Nomau kaɗai ke da saurin yarda ba. Wannan ya kawo tocila, wancan agogo, mai unguwa da kansa ya aiko da tsohon batirin babur. Nomau bai mai da kowa ba, har wani ɗan tsako da aka taka ya mutu sai da ya binne a ciki. Da wari ya tashi Tasalla ce ta kwance bakin buhun. Ruwan batir ya bi shinkafar ya mai da ita baƙa.

"Malam," ta ce, "me za a ba mutane ranar suna?"

"Ki ƙara musu lokaci, ba su gama farfaɗowa ba."

Ta zauna a bakin gado ta rufe fuska da gefen zane. Ba shinkafar ta sa ta kuka ba. Ta riga ta ga jinjirin watan haihuwarta, ta san babanta yana hanya, ita kuwa duk wautar mijinta ba ta taɓa jin baƙar magana daga bakinsa ba. Inna ba ta ɗaga murya ba.

"Kada ka ƙara taɓa kayan ɗakin nan. In ka ga abin da ya yi kama da na cikin wayar sak, ka yi masa yadda aka yi. In babu, ka zauna."

Wata rana, ranar da Baba Jatau ya ce zai zo, Nomau ya yi sammako ya cika randar tsakar gida don baƙo ya sami na sha. Ya zauna ya kunna shirin da ya rage masa. Sai ga tanki a sama. Ga ƙafafun ƙarfe, ga baƙaƙen gilasai. Ya miƙe tsaye, ya nufi rijiya da wayar a hannu, yana duban wannan yana duban wancan. Sak, sai abu guda: na cikin wayar babu komai a kansu, suna ƙyalli. Wata mata ce malamar, ta ɗaure kanta tsaf. Ta share ganyen da ya faɗo a kai, ta jiƙa tsumma mai laushi ta wanke gilasan ɗaya bayan ɗaya. Ya kalla har ƙarshe, kamar yadda aka ce.

Ya hau tsani ya yaye buhunan nan duka ya watso su ƙasa. Kuɓewar gari, barkonon gari, kauɗar tumatir, wahalar kaka guda. Awaki suka taho kamar an yi musu shela. Ya koma gida ya juye randar baƙo a jarka, tunda a tsakar gida take ba a ɗaki ba, ya tuɓe rigarsa ya jiƙa, ya wanke gilasan har yana ganin fuskarsa a ciki.

Da rana ta take Baba Jatau ya sauka a kan babur ɗin ɗan acaɓa. Inna ta je ɗebo masa ruwa, moɗa ta bugi gindin randa. Baba Jatau ya dubi 'yarsa ya ce ta ɗauko ƙullin kayanta. Suna fitowa suka ji hayaniya a wajen rijiya. Mata sun kewaye tsani, Nomau na sama ba riga.

"Sauko, ɗan banza, ka biya ni barkonona."

"Yalwa, zo ki ga aikin autanki. Har da taki kuɓewar akuya ta cinye."

Inna ta kutsa da sanda. "Wa ya sa ka?"

"Ke, Inna. Ya yi kama sak."

Baba Jatau ya girgiza kai, ya ce wa ɗan acaɓa ya tada babur. Sai wata tsohuwa ta ɗaga hannu ta ce a yi shiru. Wani gunji ne ke fitowa daga ƙarƙashin ƙasa, siriri, kamar na ƙudan zuma. Bututun da ya hau tanki ya yi rawa. Can sama aka ji abu na zuba a cikin tankin da ya daɗe a bushe. Famfon da aka bari a buɗe tun da ya ɗauke ya yi tari, ya tofar da iska da jar ƙasa, sannan ya saki ruwa fari tas mai kaurin hannu.

Ba wadda ta yi guɗa. Suka tsaya da buhunansu a hannu suna duban gilasan, suna duban rana, suna duban ruwan da ke bin ƙasa yana jan kuɓewarsu. Kowace ta gane shanyarta ce ta tare hasken ranar da gilasan ke tada injin rijiya da shi, ba sai an faɗa mata ba. Inna Yalwa ta sauke sandarta.

Baba Jatau ya matsa ya tara hannu ya sha, ya wanke fuska, ya ƙara sha. Ya daɗe a tsugune. Da ya miƙe ya karɓi ƙullin daga hannun Tasalla ya miƙa wa Inna.

"A sa mini ranar suna da wuri, hanyar nan ba ta da kyau."

Nomau ya sauko, ya jingina wayar a gindin famfo, ya mai da shirin baya kaɗan, ya durƙusa ya fara godiya. Wannan karon ba wanda ya yi dariya. Inna ta sa aka kwantar da tsanin a ƙasa, sannan ta dafa kafaɗarsa ta rusuna iya yadda gwiwarta ta yarda.

"Ka gaya mata Yalwa ta gode. Allah Ya ba ta ruwa ranar da take nema."

Ya faɗa kamar yadda aka ce. A cikin wayar malamar ta matse tsummanta, ta juyo, ta yi murmushi ta ɗaga hannu.

"Inna," in ji Nomau, "wannan ta amsa."