Albam ɗin da Babu Jitar Sanusi

Ba zan taɓa mantawa ba da tafiyarmu ɗaurin auren abokina Nura a Bunguɗu, ko da yake wallahi na so in manta.

Lokacin sati biyu ke nan da dawowata Gusau daga bautar ƙasa a kudu, ina ji da kaina. Kafin in tafi akwai wasu samari huɗu a garinmu masu kiɗan jita da ganga irin na Turawa, amma da Hausa suke waƙa. Ba su da kamfani, ba su da ubangida, a shagon wani mai gyaran rediyo suka ɗauki albam ɗinsu na farko. Ni kuwa na haddace shi kaf. Abin da ya fi kashe ni shi ne jitar Sanusi: mawaƙin ya yi baiti, jita ta amsa masa, kamar mutum biyu suna hira. (Ban taɓa ganin Sanusin ido da ido ba, amma in ka ji ina ba da labarinsa sai ka rantse tare muka yi makarantar allo.)

Da na dawo aka tura mini sabon albam ɗinsu a waya. Na saurara sau ɗaya, raina ya ɓaci. Mawaƙi ya yi baiti, sai shiru, ganga kawai ke tafiya. Babu jita ko ɗaya. Ban tambayi kowa dalili ba, ni da na san komai.

Ranar ɗaurin aure aka cusa mu cikin motar dangin amarya, mu shida. A gaba akwai wani dattijo mai farar hula, wanda aka ce daga Tsafe ya zo. Muna fita gari ya miƙa wa direba wayarsa, ya ce a sa masa waƙa. Sai ga sabon albam ɗin nan.

Nan fa bakina ya buɗe. Na ce, “Haba Baba, wannan ai ɓata kunne ne! Na farkon za ka nema.” Wanda ke kusa da ni ya taka mini ƙafa, na ɗauka matsi ne, na janye ƙafata na ci gaba. Na ce yaran nan sun lalace, sun yi waƙa duk ramuka. Sannan na kawo abin da ban ji daga bakin kowa ba, ni na ƙirƙiro shi nan take: “Ai Sanusi ne ya watsar da su. Ya ga ya yi suna, kansa ya kumbura, ya tafi neman manya. Haka mutanenmu suke, ba amana.”

Direba ya rage sautin. Dattijo ya juyo a hankali, ya dube ni.

“Yaro, Sanusin da kake hwaɗi ɗana ne. Da azumi mota ta buge shi bisa hanyar Tsahe, can munka yi mai sutura.”

Inna lillahi! Na ji kamar an watsa mini ruwan randa. Na fara “Allah ya jiƙansa”, na maimaita ya fi sau biyar, kamar yawan faɗar zai goge abin da na riga na faɗa.

Dattijo ya ce abokan kiɗan Sanusi sun same shi har gida bayan sadakar arba'in. Sun riga sun shirya waƙoƙin tare da Sanusi, ɗauka kawai ta rage. Suka ce ba za su sa wani a madadinsa ba, za su bar wurinsa yadda yake. “Inda kac ce rami ne,” in ji shi, “ni nan nike saurare.”

Na ce, “Baba, ka yafe mini. Wallahi albam ɗin yana da daɗi, ni ne ban...”

Ya ɗaga hannu. “A'a, kar ka ƙara da wata ƙarya. Bai kai na hwarko ba. Ina za ya kai?”

Ya juya, ya ce wa direba ya ƙara sauti. Daga nan har Bunguɗu muna ta jin mawaƙi yana baiti babu mai amsa masa. Ban san yadda aka ɗaura auren ba. An ce an raba goro da dabino, ni dai ina can bayan sahu ina kallon takalmana.

Har gobe ina da ra'ayi a kan waƙa, hali zanen dutse ne. Amma yanzu in na shiga motar haya, gaisuwa nake yi in kama bakina, domin duk wanda za ka zaga ɗan wani ne, kuma uban nasa ma yana hawa mota.