Hoton Kakata da Ya Fito Fari Fat

Har in tsufa ba zan taɓa mantawa da ranar da na ɗauki kakata hoto a Jiratawa ba.

Lokacin na sayi kyamara ta hannu, na kuma ji masana a intanet suna cewa otomatik na ragwaye ne, gwani da manuwel yake aiki, wato gwanin ne ke saita hasken da kansa. Sai na murɗa ta zuwa manuwel na yi ta gwaji a ɗakina da ke Zariya (ɗakin da ko da rana sai an kunna fitila). Hoton butata ya fito tsaf, na ce ai na gama.

Kakata kuwa ba ta taɓa yarda an ɗauke ta hoto ba. Kawuna da ke Abijan ya yi shekaru bai ga fuskarta ba, ya yi ta roƙo a waya har ta amince, amma sau ɗaya tak. Ni na buga ƙirji na ce a bar mini aikin.

Ta yafa farin mayafi, ta zauna a tsakar gida rana na tsaka, mata sun kewaye mu. Gumi na shiga idona, lambobin kyamarar duk suka rikice mini. Na manta saitin na ɗaki mai duhu ne. Na danna.

Kafin in duba, kakata ta miƙo hannu ta karɓi kyamarar. Na leƙa ta kafaɗarta. Babu fuska, babu bango, fari fat.

Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce a hankali, "Angona, likkafanina ka ɗauko tun ban tafi ba?"

Mata suka ɗauki salati. Wata gwaggo ta ce dama ita jikinta bai ba ta ba. Na shiga bayanin haske da ramin idon kyamara (muryata kamar ta ɗan akuya), na roƙi ta sake zama. Ta naɗe tabarmarta ta shige ɗaki.

Da kawu ya kira yana ɗoki, sai na miƙa wa mahaifiyata wayar na fice. Har yau muryar kakata kawai yake ji.

Yanzu idan gwaninta ta motsa mini, a kan tumaki nake sauke ta. Su ba sa cewa a nuna musu.