Idon Maiwada a Kan Jar Mota

"...da gajiyar hanya? Ya mutanen Kaya? To madalla. Ina akwalar da kac ce in zo in gani?"

Maiwada ke nan, bai ko kashe babur ɗinsa ba. Taubashinsa Imrana ne ya kira shi bakin tashar Talata Mafara ya duba masa wata tsohuwar jar mota kafin ya saya. Shekara da shekaru Maiwada ne mai abin hawa a danginsu, Imrana kullum a bayansa yake. Yau ga shi zai wuce shi da taya biyu, abin na cin ran Maiwada, ya zo ne da niyyar kashe cinikin.

"Ga ta nan, bawana," in ji Imrana. "Goge ƙafarka kahin ka taɓa ta."

"Wagga? Ni na ɗauka akurkin kaji na anka sa ma taya."

"Kajin ma sun hi ka sa'a, su inuwa su kai."

Maiwada ya zagaya yana ƙwanƙwasa jikinta. Ya ce ƙofar baya ciko ce aka shafe da fenti. Dillali Sambo ya yi tari, ya ce a wannan zai rage wani abu. Maiwada ya buɗe bonet, ya dangwali baƙin mai, ya ce ya fi kunun kanwa kauri. Sambo ya sake ragewa.

"Tada ta mu ji," in ji Maiwada. Da ƙyar ta tashi. "Ka ji ko? Tarin kakarmu ya hi wanga daɗin ji. Kahin ku kai garin Janbako sai kun tura ta kai da amaryarka."

"In mun gaji mu kira ka, ai turi aikin bayi na."

Haushi ya ƙara kama Maiwada. Ya kwanta a ƙasa da farar rigarsa, ya leƙa ƙarƙashi, ya fito da labarin salansa ɗaure da waya, ga tayoyi duk sun suɗe. Sambo ya share gumi, ya faɗi kuɗin ƙarshe, ya rantse ko uwar kuɗi bai mayar ba.

Imrana ya miƙa wa Sambo hannu. "Na saya."

Maiwada ya tashi zaune cikin ƙura. "Ka saya? Dud da abin da nih hwaɗi?"

"Don shi nis saya. Jiya kuɗina ba su kai ba. Niy yi tunanin ɗauko bakanike, sai nit tuna ba wanda za ya tona aibinta kamar mai baƙin ciki."

Maiwada ya dubi rigarsa, ya dubi Sambo da ke harararsa, dariya ta ƙwace masa.

"Allah ya isa, Imrana. Da na sani da yabonta niy yi." Ya kakkaɓe jiki. "To Allah shi sa alheri. Amma gidan gaba nawa na, ko amarya baya za ta zamna."