Rijiyar Mutanen Nomau

Sunan garin ya kuɓuce mini, haka ma shekarar. Da can labarin ya fi haka tsawo, akwai wani wuri da akuya ta shigo, amma na rasa inda zan sa ta. Ga dai abin da ya rage.

Nomau yana zaune da mahaifiyarsa, Inna Tasalla, da ƙaninsa Hamisu, mai shagon wasannin kwamfuta a bakin kasuwa. Duk abin da aka faɗa wa Nomau, haka yake ɗaukarsa, ba ragi ba ƙari.

Wata rana Hamisu ya zaunar da shi gaban wani wasa na neman zaɓe. Ya nuna masa 'yan mutane suna kai da kawowa a allo, ya ce, "Yaya, kai ne ɗan takara, waɗannan jama'arka ce. Fara gaishe su." Nomau ya ruga gida ya sanyo babbar riga, ya durƙusa ya yi sallama. Ya tambaye su gajiya, ya tambaye su iyali, yana jiran amsa ɗaya bayan ɗaya, har lokaci ya ƙare ya sha kaye. Ya ce, "Fushi suke yi da ni. Ban zo da wuri ba."

Wata rana kuma Hamisu ya ce, "Ciyar da magoya bayanka, sun fara guduwa." Nomau ya sa Inna ta tuƙa tuwo, ya kawo ya ajiye musu. Miyar kuka ta malale cikin maɓallan kwamfutar. Hamisu ya dafe kai. "Haba Yaya! Dannawa ake yi!" Nomau ya dubi kwanon ya ce, "Kunya suke ji. Mu ba su wuri."

Wata rana aka kai ga alkawura. Hamisu ya ce, "Zaɓi ɗaya ka yi musu." Nomau ya danna hoton rijiya, 'yan mutanen suka yi ta tsalle, ya ci zaɓe. Hamisu ya miƙa hannu zai kashe na'ura, Nomau ya riƙe shi.

"Rijiyar fa?"

"Wasa ya ƙare, Yaya."

"Na ce zan yi, kuma suna jina. Ka bar su da ƙishirwa?"

Tun daga ranar abinci ya daina shigarsa. Ya ari diga, ya fara haƙa a bayan shagon, don kada ruwa ya yi musu nisa. Masu wucewa suna tsokanarsa, "Ranka ya daɗe, yaushe za a yi mana titi?" Yakan ɗago kai daga rami ya ce, "Ku ban yi muku alkawari ba." Inna ta ce a ƙyale shi, tunda ta ga manyan 'yan takara da yawa, ba ta taɓa ganin mai diga ba.

Ana cikin yi masa dariya sai ruwa ya ɓulɓulo, garai-garai. Matan unguwa, da suke zuwa rafi mai nisa, suka taru da bokitai, dariya ta koma guɗa.

Na daɗe ina shakkar ƙarshen nan, ko ƙwaƙwalwata ce ta ƙara masa gishiri. Bara na haɗu da Hamisu a tasha, na tambaye shi. Ya tabbatar mini rijiyar tana nan, kuma kowace safiya ba mai jefa guga sai Nomau ya kai gugan farko gaban kwamfuta.