Kiɗan Kwamfuta a Bikin Yaya Hadiza

Duk abin da zan manta a duniyar nan, ba zan taɓa mantawa da ranar wunin bikin Yaya Hadiza ba, ranar da na tsayar da amarya a bakin ƙofa tana jiran kiɗan da ba shi da niyyar zuwa. Shekarata goma sha biyar a lokacin, kuma a ganina duk Unguwar Kanawa babu mai kai irin nawa.

Abin ya samo asali ne daga wata kwamfuta da Baba ya dawo da ita daga kwas ɗin da ofishinsu ya tura shi ƙasar waje. Yaran yanzu in sun ji an ce kwamfuta sai su ɗauka irin tasu ce. Wannan wani faifan madannai ne mai kauri, launin ƙasa-ƙasa, da ake jona wa talabijin, sai ɗan akwati a gefe da ake sa wa kaset don ajiye aiki. Baba ya yi mako biyu yana danne-danne da yatsa ɗaya, daga nan ya lulluɓe ta da tsohon zanin Umma ya koma wa jaridarsa.

Ni na gaje ta. A zamanin nan gidan talabijin ba ya buɗewa sai yamma, don haka daga tashi makaranta zuwa la'asar talabijin ɗin nawa ne ni kaɗai. A littafin da ya zo tare da kwamfutar na gano cewa tana iya yin sauti. Lambobi ake rubuta mata layi-layi, wannan ta tsayin murya, waccan ta daɗewarta. Ka kuskure lamba ɗaya ta yi maka shiru kamar ba ta taɓa ganinka ba. Ranar da ta fara ce min “tiit” sai da na zagaye tsakar gida sau biyu ba takalmi. Murya uku kacal take iya fitarwa lokaci guda, amma ni ji nake kamar an mallaka min gidan rediyo. Har yau ina kewar wannan falon, da ɗumin da bayan talabijin ke yi, da ƙamshin miyar Umma yana shigowa ta taga.

Babban burina shi ne in sa ta yi kalangu. Ran Asabar nakan taka har Unguwar Shanu wajen mahauta, inda wani makaɗi mai suna Ɗanliti ke kaɗa musu, in raɓe ina ƙirga bugun a cinyata, in dawo gida in mai da shi lambobi. (Abin da ke fitowa ya fi kama da kukan gyare mai tarbiyya, amma a kunnena kalangu ne tsantsa.)

A gidan kowa wasan yara ya ɗauki abin. Yaya Hadiza ce kaɗai takan jawo kujera 'yar tsuguno ta zauna tana tsefe kai tana saurare. Ita ta goye ni ina jariri, kuma ita kaɗai ke cewa, “Auta, mai da wancan wurin in sake ji.” Da aka sa ranar aurenta da wani malamin makaranta ɗan Katsina, sai ta ce min, “Kai za ka haɗa min kiɗan da zan fito da shi ranar wuni.”

Gwaggo Lami, yayar Baba, ta ce ita ba ta taɓa jin inda amarya ta fito da kukan na'ura ba. Yaya ta kafe. Ta bi ƙawayenta ɗaya bayan ɗaya tana gaya musu su zo su ji abin da ƙaninta ya iya. Ni kuwa duk wanda na haɗu da shi a layi, har mai shayin bakin titi, sai da ya ji labari.

Wata guda cur na yi a kan kiɗan nan. Da na gama na ajiye shi a sabon kaset, na rubuta “Kiɗan Amarya” a jiki da biro ja, na ɓoye a ƙarƙashin katifa.

To, a nan gizo ke saƙar. A tunanina kaset kaset ne, abin da ka zuba masa shi zai faɗa a kowace rediyo. Ashe kwamfutar lambobin nan take rubutawa a ciki da nata yaren, kuma ita kaɗai ke iya karanta su ta mai da su kiɗa. Ɗan akwatinta ba shi da lasifika, don haka ban taɓa jin abin da ke cikin kaset ɗin da kunnena ba. Abin da na sani kawai, in na saka shi nakan jira kamar minti biyar, sai kiɗa ya zo. Rediyon gidan tana ɗakin Baba, ba a taɓawa, ni ma kuma ba na son kowa ya ji kafin ranar. (Littafin ya yi bayanin duk wannan. Shafin ba shi da hoto, shi ya sa na tsallake.)

Ranar wuni tsakar gida ta cika maƙil da mata, tabarmi har bakin rijiya, turaren wuta na tashi. An yi hayar Sani mai lasifika da ƙatuwar rediyonsa. Ɗanliti ma yana gefe da kalangunsa a hammata, domin Gwaggo ta ce a kira shi saboda ko-ta-kwana. Bayan la'asar babbar ƙawar amarya ta karɓi abin magana ta ce, “Jama'a a saurara. Amarya za ta fito da kiɗan kwamfuta, ƙaninta ne ya haɗa da hannunsa.” Aka rangaɗa guɗa. Na fito cikin sabuwar shadda mai ƙarar sitaci, na miƙa wa Sani kaset da hannu biyu. Aka ɗaga labule, ga Yaya Hadiza a bakin ƙofa cikin lulluɓi, ƙawaye sun riƙe ta dama da hagu.

Sani ya danna.

Wata irin ƙara ta tashi, “ƙiiiii”, doguwa, siririya, kamar ana jan ƙusa a kan kwanon rufi. Ta juye ta koma “ƙarrr”, ta sake komawa “ƙiii”. Jarirai suka fashe da kuka a bayan iyayensu. Wata tsohuwa ta toshe kunnuwa tana a'uziyya. Sani ya kai hannu zai kashe, a zatonsa rediyon ce ta cinye zaren kaset.

Da na bar shi, da abin ya tsaya a nan, a ce tsautsayi ne. Amma sai na cafke hannunsa, na juyo na fuskanci matan nan na ce da ƙarfi, “Kowa ya kwantar da hankalinsa. Haka take farawa.”

Har cewa na yi ya ƙara murya. Minti biyar ɗin da na saba jira su nake ƙirgawa a zuci. Na harɗe hannu a ƙirji ina gyaɗa kai, irin na wanda ya san abin da sauran mutane ba su sani ba. Amarya na tsaye, ba ta gaba ba ta baya. Ta ɗan ɗaga mayafi ta dube ni, na yi mata alama da hannu cewa saura kaɗan. Ta kuwa yarda, ta ci gaba da tsayuwa.

Ƙarar ta yanke. Na ce a raina yanzu ne. Sai shiru, sai “shiii” ɗin zaren da babu komai a kansa. A cikin shirun nan Gwaggo Lami ta gyara ɗaurin ɗankwali ta ce, “Auta, an kammala ke nan, ko da sauran baiti na biyu?”

Tsakar gida ta ɗauki dariya, har da masu faɗuwa kan tabarma. Gwaggo ta yafito Ɗanliti. Shi ma bai bar ni ba, sai da ya matse kalangun ya kwaikwayi “ƙiii” ɗin sau biyu kafin ya saki kiɗan gaske. Ban ga fitowar amarya ba. Ina ɗakin ajiya tsakanin buhunan shinkafa, ina kukan da rabona da shi tun ina aji uku.

Washegari da hantsi motar da za ta kai ta Katsina ta iso. Ina falo na haɗa kai da gwiwa sai ga Yaya Hadiza, hannuwa jajir da lalle.

“Auta, kunna min kiɗana.”

“Yaya, ki yafe min, na kunyata ki a gaban mutane.”

“Ana jirana a waje. Kunna.”

Na jona wayoyi, na sa kaset a ɗan akwatinsa. Muka jira minti biyar ɗin nan, direba na ta danna hon. Sai kiɗan ya zo, muryoyin nan uku 'yan sirara, suna ta ƙoƙarin zama kalangu. Ta zauna a ƙasa da kayan amarcinta ta saurara har ƙarshe. Ta share ido da bayan hannu ta ce, “Ka gani, ashe ban yi wa ƙawayena ƙarya ba.” Ta shafa kaina ta fita.

Yanzu furfura ta fara min sallama, kuma har gobe nakan haɗa ɗan kiɗa ran Lahadi in aika mata ta waya. 'Ya'yanta ba su san ni da wani suna ba sai Kawu Haka-take-farawa. Darasin da na ɗauka guda biyu ne. Duk abin da zan kunna a gaban jama'a, sai na fara jin sa a cikin na'urar da za a kunna shi. In kuma duk da haka ya fara ƙara, to bawan Allahn da ya kai hannu zai kashe, ba na riƙe shi.