Rasuwar Rikodar Gidan Famfo

Da zuciya mai nauyi, cike da baƙin ciki, mai kula da injin ruwa na bayan gari, wanda direbobin tanka ke kira Injiniya duk da bai taɓa leƙa ajin injiniyoyi ba, yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar abokiyar zamansa, rikodarsa mai cin kaset biyu. Ta yi shirun ƙarshe ranar Talata da hantsi, a kan kantar da ke jikin tagar ɗakin injin, bayan jinyar wata huɗu. Ta bar duniya tana da shekara ashirin da shida a hannunsa, ban da waɗanda ta yi a hannun yayarsa.

Marigayiyar baƙa ce, mai faɗin ƙirji, da lasifika biyu kamar idanun mujiya da mariƙi a ka. Asalinta ta Yaya ce. Tun Injiniya yana makaranta, Yaya kan zauna a gabanta da yatsa a kan jan maɓalli, tana dakon waƙa daga gidan rediyo. Da yake ba ta son muryar mai gabatarwa ta shiga, sai ta jira ya gama surutunsa, kafin ta danna kuwa waƙar ta riga ta yi nisa. Shi ya sa duk waƙoƙin da marigayiyar ta rayu da su ba su da kai, ba su da suna. Ranar da Yaya za ta bi mijinta wani gari mai nisa, akwati ya cika, sai ta miƙa masa rikodar da jakar kaset, ta ce, "Riƙe min, ƙanena. Ka dinga goge mata ƙura."

Bayan shekara biyu Inna, mahaifiyarsu, ta rasu, gida ya watse. Injiniya ya samu aiki a gidan famfo, ɗaki ɗaya mai injin biyu da tanki a sama, nesa da gidajen mutane. Daga safe zuwa la'asar kalma biyu yake ji daga bakin ɗan adam. Direba ya tsaya ya leƙo ta taga ya ce, "Injiniya, buɗe!" In tanka ta cika ya ce, "Injiniya, rufe!" Sauran maganar duk marigayiyar ce take yi.

Duk wanda ya san ta zai shaide ta da haƙuri. Akan mayar da ita baya wuri ɗaya sau arba'in, ba ta taɓa cewa ta gaji ba. Akwai kaset ɗin da Yaya ta rubuta wa lamba bakwai kawai, a cikinsa wani mai sarewa yake busa kamar yana kiran wanda ya riga ya sha kwana. Akwai wata mata mai waƙa da yaren da Injiniya bai sani ba har yau, muryarta tana ɗan tsagewa a wuri ɗaya, shi kuma wurin nan yake jira. Akwai wani makaɗi da kullum yake sauke hannu a makare kaɗan, kamar mai tafiya yana waige. Bai san sunan ko ɗaya daga cikinsu ba, bai san ko suna raye ba. Su ne malamansa, kuma marigayiyar ce ta kawo su har ɗakin injin.

Sai kuma kaset ɗaya da ba na gidan rediyo ba. Wata rana Yaya ta danna jan maɓalli bisa kuskure, Inna tana guga a tsakar ɗaki tana ɗan rera wani abu da hanci, ba kalmomi. Ana jin dutsen guga yana sauka a kan tebur, ana jin numfashinta. Can ƙarshe ta ɗaga murya ta ce, "Wai wa ya bar min ƙofa a buɗe?" Iyakar abin da ya rage na muryarta a duniya ke nan.

Da fito Injiniya ya fara koyo. Yana duba ma'aunin injin yana bin mai sarewar da leɓe, har ya ga fito ba ya isa inda mutumin yake zuwa. Sai ya ɗauki guntun bututun roba da masu gyara suka bari a bayan ɗaki, ya yanka, ya toshe gefe ɗaya, ya gasa ƙusa a wuta ya huda ramuka. Na farko ya yi kukan agwagwa. Na biyu ko kukan bai yi ba. Ya ɓata tara kafin na goma ya amsa, kuma kowane rami da muryar marigayiyar ya auna shi: ya kunna, ya busa, ya tsayar, ya ƙara faɗin ramin da bakin wuƙa, ya sake kunnawa. Wani direba ya taɓa samunsa a haka ya ce, "Injiniya, ruwan ne yanzu ake kira da busa?" Ya yi dariya ya buɗe masa famfo.

Daga baya ya gano amfanin bakin kaset na biyu na marigayiyar. Ya ɗauki bugun injin a kaset ɗaya ya zama masa ganga, ya kunna shi ya busa a kai yana ɗauka a ɗayan, ya sake juyawa ya ɗora wata busar. A haka mutum ɗaya ya zama mutum uku a ɗakin da ba kowa. In ya sa kaset ɗin Inna kuwa, ba ya iya sauraro hannu sake. Tana farawa yake ɗaukar sarewa ya bi ta, su tafi tare.

Ba za a ɓoye ba, marigayiyar tana da aibi ɗaya, kuma sai da ya kunyata mai ita a gaban mutane kafin a gane. Wani dattijon direba da ake kira Sarkin Hon, saboda tun daga kwana yake sanar da zuwansa, ya daɗe yana kashe mota ya saurara kafin ya ce a buɗe. Rannan ya ce, "Kai, wannan abu bai kamata ya ƙare a kunnen injin ba. Surukina yana da 'yan kiɗa, suna gwaji a garejinsa ranar Lahadi. Shirya in kai ka."

Ya sa rigarsa mai kyau, ya naɗe sarewar a tawul. Mutum biyar ya tarar, da jita da ganguna da piyano. Suka ba shi kujera, suka tashi kiɗa, ya shiga. Bai yi minti ɗaya ba mai piyano ya ɗaga hannu.

"Malam, sarewar nan taka a ƙasa take."

"A ƙasa kamar yaya?"

"Ba ta kai ba. Ji nan." Ya danna maɓalli ɗaya. "Yanzu busa naka."

Ya busa. Sautin biyu suka tsaya kusa da juna suna gogayya, kamar maƙwabtan da ba sa gaisawa. Aka gwada wata waƙar, haka. Ba wanda ya yi masa dariya, abin da ya fi ciwo ke nan. Suka ce ya nemo sarewar kanti ya dawo. Ya yi godiya, ya naɗe kayarsa, ya ce wa Sarkin Hon zai taka da ƙafa.

Mai gyaran rediyo, wanda unguwa ke kira Likita, shi ya warware zancen. Ya buɗe bayan marigayiyar ya taɓa wata 'yar roba da ke juya kaset, ya ce, "Ai wannan ta saki tun ba yau ba. A hankali take juyawa. Duk abin da ka ji a bakinta shekara ashirin, ƙasa da yadda aka rera shi ka ji." Injiniya ya tsaya yana kallonta. Ashe mai sarewar lamba bakwai bai kai haka kaɗaici ba, ashe matar nan muryarta ta fi haka sirantaka, ashe ita kanta Inna ba ta kai haka gajiya ba. Likita ya ce zai sa sabuwar roba. Injiniya ya ce a bar ta yadda take. Garejin kuma bai koma ba.

Ciwon ajali ya fara da rawar murya. Daga nan ƙofar kaset ta hagu ta daina rufuwa sai an cusa tsinken ashana. Sai ta fara tauna. Ta cinye makaɗin nan mai makara, ta cinye rabin matar mai baƙon yare. Likita ya duba ta sau uku, a na ukun ya cire tabarau ya ce, "Injiniya, in gaya maka gaskiya? Kayanta sun ƙare a kasuwa. Kada ka ƙara sa mata abin da kake so. Kawo kaset ɗin tsohuwa in juye maka a waya."

Ya ce to, amma bai kai ba. Ba ya son muryar Inna ta tashi a shagon da ake ta shiga da fita, wani yana tambayar batir. Ya yi shekaru ma bai sa kaset ɗin ba, yana tattalinsa. Ranar Talata, bayan tankar farko ta tafi, ya yanke shawarar yi da kansa. Ya goge wa marigayiyar kan da ke karanta kaset da auduga, ya jingina wayarsa a jikin lasifika, ya danna ɗauka, ya sa kaset, ya ce, "Daure min sau ɗaya."

Ta daure. Inna ta fara rerawa, dutsen guga ya sauka sau biyu. Sai muryar ta yi kauri, ta ja, ta nutse. Kalaman marigayiyar na ƙarshe, kamar yadda mai ita ya ji da kunnensa, su ne: ƙirrr, ƙirrr, ƙat. Ƙaramar jar fitilarta ta mutu, ba ta sake kamawa ba.

Ya zaro kaset ɗin, zaren ya biyo shi a cukurkuɗe, ya tsinke wuri uku. Ya zauna a ƙasa da biro yana naɗewa, yana miƙar da abin da ya murɗe da farce, har wani direba ya yi ta kira bai ji ba. Abin da ta tauna ya taunu. Waya ta kama farkon kawai, shi ma da ƙugin injin a kai.

Da aka tashi aiki ya kira Yaya, wadda rabon da su yi magana mai tsawo har ya manta.

"Yaya, rikodarki ta rasu. Kuma ta tafi da kaset ɗin Inna."

Ta ce, "Duka?"

"Farkon ya tsira. Amma kada ki damu, waƙar tana kaina. Tsaya ki ji."

Ya ajiye wayar a kan kanta, ya ɗauki sarewa ya busa tun daga farko har ƙarshe, da hawan da saukar da wurin da take ɗan tsayawa kamar za ta yi magana. Da ya gama ya ɗauki wayar.

"Sake," in ji Yaya.

Ya sake.

"Ƙanena, farkon na Inna ne. Amma daga inda ka hau sama ɗin nan, ba nata ba ne."

"Nata ne mana. A kaset..."

"Ni na ɗauki kaset ɗin. Inna ba ta taɓa wuce gaɓa biyu, sai ta koma farko, sai ta yi shiru. Bayan nan ba komai sai ƙarar guga da faɗan ƙofa. Shekara nawa kana busa a kanta? Ita ta tsaya, kai ka wuce. Sauran naka ne."

Ya ajiye sarewar. Ya ji tana jan hanci, ta ce, "Faɗan ƙofar nan ne ba za mu ƙara ji ba." Sai ta gyara murya. "Ka ɗauka ka turo min, kada ka gyara komai. Kana da wasu?" Ya ce akwai kamar goma sha biyu, da yake zaton na mutanen cikin kaset ne, yanzu kuma bai sani ba. Ta fara dariya, sai aka kira ta daga cikin gida, ta ce za ta neme shi. Ɗakin ya koma shi da injin.

Marigayiyar ta bar kaset sittin da uku, waɗanda yanzu ba mai karanta su, da wayar wuta ɗaya mai ɗaurin salatif, da sarewa goma, tara daga ciki kurame. Ta bar kuma ɗalibi ɗaya mai furfura a gemu, wanda duk abin da ya iya a ƙasa yake kaɗan da na sauran duniya, kuma ya yanke shawarar ci gaba a haka.

Za a yi mata sutura ranar Asabar bayan tankar ƙarshe. Duk da gidan ruwa ne, ba za a kusanto ta da ko ɗigo ba, busasshen ƙyalle za a sa. Likita ya roƙi lasifikarta ta dama don rediyon wani tsoho da ke kwance a shagonsa, iyali sun amince. Sauran jikin za a sa a kwali a ɗora bisa kabad ɗin kayan aiki, inda rana ba ta kaiwa.

Ana karɓar gaisuwa a ɗakin injin daga safe zuwa la'asar. Kujera ɗaya ce, mai gida zai tsaya. Ana roƙon masu zuwa kada su kawo sabuwa, kada kuma su ce ai yanzu komai yana cikin waya, an riga an faɗa masa. Wanda bai samu zuwa ba, in hanya ta biyo da shi ta bayan tanki ya ji busa, ya ɗan rage sauri har ta kai ƙarshe. An karɓi ta'aziyyarsa.