Gaisuwar da Na Kai Fadar Hangari

Da na je ƙasar Hangari yaye ɗiyata daga jami'a, ta kai ni bikin bazara a lambun wata tsohuwar fada. Na ce mata, “Ke dai bi bayana. Ladabin fada gadonmu ne.”

Ina hango mai kambin zinariya bisa kujera, na tuɓe takalma, na zube har gemuna na sharar ciyawa, na ce, “Ranka ya daɗe.” Turawa suka yi ta tafi, na ƙara duƙawa.

Ɗiyata ta raɗa mini, “Baba, tashi. Ɗan ajinmu ne, wasan kwaikwayo suke yi.”

Hoton da aka ɗauke ni ina duƙe ya riga ni isa garinmu Kurfi. Har yau in na shiga kasuwa sai mai shayi ya ce, “Waziri, mai martaba ya ci jarrabawa kuwa?”